Wa Ke Sauraron Wayar Manomi?

  

Yau zancenmu a kan doka ne, wadda ake kira dokar yaƙi da laifukan intanet. Na san da jin sunan wani zai ce wannan ai hirar 'yan bokon Abuja da Legas ce, ina ruwan mai noman masara a Ƙafur da ita? To dakata, kada ka murɗa akwatin rediyon tukuna. Can a Abuja gardama ake yi a kan takarda, ana tambayar wanne ya fi, tsaron ƙasa ko sirrin ɗan ƙasa. Mu nan Funtua da Bakori da Malumfashi a jikinmu aka gwada amsar, don haka mun fi kowa haƙƙin mu sa baki.

Ku tuna watan Satumba na 2021. A farkon watan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara. Nan da nan Funtua ta cika da baƙi. Mutum ya biya kuɗin mota daga Gusau ko Tsafe, ya zo ya tsaya bakin titi ya kira ɗansa da ke karatu a Zariya, ya ciri kuɗi, ya sake hawa mota ya koma. Muna tausaya musu ashe namu na tafe. Cikin 'yan kwanaki aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Kafin nan, a ƙarshen Agusta, Gwamna Aminu Bello Masari ya riga ya sa hannu a kan wata doka da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Daga baya har masu cajin waya na kuɗi aka hana sana'a. Sai cikin Disamba aka fara maido mana da sabis.

Ku lissafa watannin: Satumba, Oktoba, Nuwamba. Kaka ke nan cur. Lokacin da manomi ke buƙatar ya ji nawa buhun masara ya kai a Ɗandume kafin ya ɗora kayansa a mota. Lokacin da mai tumatir na Ɗanja ke jiran kiran dillalinsa daga kudu. Babu waya, sai abin da mai saye ya faɗa maka a gindin sito, ko ka sallama ko ka mayar gida. Mai POS ya naɗe lemarsa. Mace na naƙuda tsakar dare, babu halin kiran mai mota. Abin da ya fi ciwo kuwa, ƙauyen da aka shiga da dare ba shi da yadda zai yi ya sanar da maƙwabta, balle jami'an tsaro. Sai gari ya waye wani ya hau babur ya kai labari, ihu bayan hari. Su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu, rahotanni sun yi ta nuna cewa na kusa da iyaka sun koma amfani da layukan Nijar.

Ba ina cewa an yi haka da mugun nufi ba ne. Hankalin kowa a tashe yake a lokacin. Ba a cika shekara da kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ba, a Disambar 2020. Mutane da yawa a nan sun goyi bayan matakin, sun ce in dai za a samu a yi barci, a ɗauki wayar. Abin da nake tambaya shi ne, bayan an maido da sabis, wa ya tsaya gabanmu ya ce ga abin da haƙurinku na wata uku ya saya? Ga infoma nawa aka kama, ga daba nawa aka tasa, ga asarar da kuka yi, ga dalilin da ya sa za a sake ko ba za a sake ba? Wayoyi dai suka fara ƙara wata rana, kowa ya ce alhamdu lillahi, aka wuce wurin.

Haka aka yi da lambar ɗan ƙasa. A Disambar 2020, zamanin da Sheikh Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Dattijo ya baro ƙauye da asuba ya zo ya bi layi a rana, aka ɗauki zanen yatsunsa goma, aka ɗauki fuskarsa, aka rubuta sunan garinsu da na magajinsa. Wanda kaftu ta cinye wa zanen yatsa, na'ura ta ƙi karɓa, aka ce ya je ya dawo. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kiran waya saboda ba a haɗa su ba. Hujjar da aka ba mu guda ɗaya ce: duk wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa, za a san shi, a san inda yake.

To yau a yankin nan akwai wanda bai san yadda kiran yake zuwa ba? Waya ta yi ƙara, a ji muryar ɗan'uwa tana rawa, sannan wata murya ta karɓa ta yanka miliyoyi. A yi kwanaki ana ciniki, a sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, a ƙarshe a ce a haɗo da babur da katin waya. A Fabrairun 2025 har gida aka je aka ɗauki Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, a garinsu Tsiga da ke Bakori, ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Janar ke nan. A Agustan 2025 ɗin kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Shi kansa Pantami, a farkon 2024, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara yadda ya kamata. Gwamnan Zamfara Dauda Lawal kuma ya ce ya san inda manyan 'yan bindigar jiharsa suke, sai dai ba shi ke ba jami'an tsaro umarni ba. Idan wanda ya kawo tsarin da wanda ke mulkin jiha suna faɗin haka, ashe matsalar ba ƙarancin bayanai ba ce.

A yi wa jami'an tsaro adalci. Sanin inda waya take daban, shiga dajin da ya haɗe da Birnin Gwari ka fito da mutum da ransa daban. Sau da yawa ma da wayar wanda aka sace ake kiran, sunan da zai fito a kwamfuta nasa ne. Akwai kuma layukan da ake yi wa rajista da bayanan wani bawan Allah a sayar a bayan fage. Kuma akwai lokutan da bin sawun waya ya kai ga kama masu kai wa ɓarayin daji fetur da abinci da labari. Shi ya sa ni ba na cikin masu cewa kada gwamnati ta saurari wayar kowa. Wanda ke cinikin ran mutum a waya, a saurare shi, a bi shi har inda yake. Gardamata a kan wa ke ba da izni ne, da kuma wa ke duba mai sauraron.

Bari mu buɗe dokar yaƙi da laifukan intanet ɗin mu gani. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a 2015, dab da zai sauka. Sashe na 38 ya wajabta wa kamfanonin waya da na intanet su ajiye bayanan mu'amalarka har shekara 2. Ba maganar da ka faɗa ba, a'a: wa ka kira, yaushe, minti nawa, daga wane yanki. Sashen ya ce idan hukumar tsaro ta nema a ba ta, kuma a nan bai gindaya sharaɗin takardar alƙali ba. Sashe na 39 ne, wanda ya shafi sauraron maganar kanta, ya ce sai alƙali ya ba da umarni. A 2019 NCC ta fito da nata ƙa'idojin, waɗanda suka yarda a fara sauraro ba tare da takardar kotu ba idan lamarin na gaggawa ne, a nemi takardar daga baya. Wani zai ce to ai bayanan kira kawai ne, me ke ciki? Komai na ciki. Wanda ya ga jerin kiranka na wata shida ya san dillalinka, ya san wanda kake bin bashi, ya san ɗan siyasar da kake bi, ya san ranar da kake zuwa kasuwa da hanyar da kake dawowa, ya ma san gidan da kake neman aure ba ka faɗa wa uwargida ba.

Tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 37, ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 45 ya bar ƙofar da za a iya taƙaita wannan saboda tsaro da zaman lafiya. Ta wannan ƙofar komai ke shigowa. Mu ma ba sai tsarin mulki ya koya mana ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma a al'adarmu ko hakimi ne ya zo gidanka, a zaure yake tsayawa ya yi sallama.

Sai sashe na 24, wanda ya fi kowane yin suna. A yadda aka rubuta shi da farko, idan ka aika saƙon da ya ɓata wa wani rai, ko ya zama cin fuska, ko ya dame shi, kana iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Wa ke auna ɓacin rai? Mai iko mana. Kwamitin kare 'yan jarida na duniya ya ƙirga aƙalla 'yan jarida 25 da aka tuhuma da wannan doka kafin a gyara ta. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta faɗa a 2020, ta sake faɗa a 2022. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyara, aka taƙaita laifin ga saƙon batsa da ƙaryar da aka shirya don tayar da tarzoma ko barazana ga rai. Gyara ne mai kyau. Amma wata uku bai cika ba, a Mayun 2024, 'yan sanda suka ɗauke ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas suka kai shi Abuja saboda wani binciken da ya wallafa, da sunan wannan dokar dai. Mu ma nan Arewa ba mu manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ba, wanda aka je har makaranta aka ɗauko a 2022 saboda layi guda da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin.

Wannan shi ne abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya. Yaron da ya yi rubutu a kan babban mutum, ana iya gano ɗakin da yake kwana. Ɗan bindigar da ke fitowa a TikTok ido na ganin ido yana baje kuɗin fansa, shi sai a ce daji yana da faɗi. Na'urar ɗaya ce, hasumiyar sabis ɗin ma ɗaya ce. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa sama da naira biliyan 4.8 don na'urorin bibiyar WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Kuɗin jama'a ne. Ba mu ce a faɗa mana sirrin aiki ba, amma ko majalisa ai ya kamata ta tambaya a kan wa aka kunna su.

Maƙwabtanmu na Nijar ma hanyar da suka bi ke nan. Sun yi tasu dokar a 2019, aka kama 'yan jarida da ita, irin su Samira Sabou. Shugaba Bazoum ya cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, gwamnatin soja ta Janar Tiani ta maido da shi a 2024. Ɗan'uwanmu na Maraɗi da ke riƙe da waya, taka-tsantsan ɗin da muke yi shi ma shi yake yi.

Yanzu ga inda nake so manomi ya ƙara kasa kunne. Masu gardamar Abuja suna magana kamar sirri wani kayan ado ne da mai ƙoshi ke nema, tsaro kuma shi ne na talaka. A ƙasar Funtua ba haka abin yake ba. A nan sirrinka shi ne tsaronka. Me ya sa mutum zai sayar da buhu 50 na waken suya ya dawo gida da tsohuwar riga, ko matarsa bai gaya wa adadin ba? Me ya sa alhazan ƙauye suka daina kwana a gidajensu suka tare a cikin gari? Domin kowa ya san ba a zuwa ɗaukar mutum sai wani ya ba da labarinsa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, ya sha nanata cewa infoma na cikin manyan abubuwan da ke hana matsalar ƙarewa.

To da can infoma sai ya gan ka da idonsa a kasuwa. Yau fa? Ka tsaya a rumfar mai POS ranar kasuwa ka duba. Dattijo ya miƙa kati, bai iya danna lambobi ba, sai ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, mutum biyar na tsaye suna ji. Yaron ya buga, takarda ta fito, dattijo ya ce a duba masa nawa ya rage, a karanta masa a bainar jama'a. Gefe guda ga mai rajistar layi da 'yar na'urarsa, wayarsa cike da hotunan katin ɗan ƙasa na mutanen ƙauye guda. Ga masu zuwa da takarda suna rubuta sunaye da lambar BVN wai za a ba da tallafin taki ko bashin noma, a cike a ba su, ba a sake ganinsu ba. Duk waɗannan bayanan ina suke kwana?

Kada ku ce zargi ne kawai. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar wa duniya. Hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an yi kutse a rumbunta. To ko ta ina bayanan suka fita, sun dai fita. Idan na minista naira 100 ne, na manomin Maska nawa ne? Abin ya yi kama da mutumin da maigadi ya ce ya ba shi makullan gidan duka, har na ɗakin hatsi, don ya ji daɗin gadi. Ya bayar. Aka ci gaba da yi masa sata, sannan ya je kasuwa ya tarar ana sayar da irin makullansa a faifai.

Akwai dokar da aka yi don wannan. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Ta ba ka damar ka tambayi banki ko kamfani me suka ajiye a kanka, ta kuma tanadi tara ga wanda ya yi sakaci. Sai dai ta sassauta wa hukumomi idan aikin na tsaron ƙasa ne ko binciken laifi. Kuma mutum nawa ne a Malumfashi suka taɓa jin sunan hukumar, balle su san inda za su kai kuka da harshen da suke ji?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan rigima ba su daina sauraron waya ba, sun dai sa wa mai sauraron linzami. Amurka ta buɗe wa hukumominta ƙofa bayan harin 11 ga Satumban 2001. Da Edward Snowden ya tona a 2013 cewa ana tara bayanan kiran miliyoyin mutanen da ba su yi laifin komai ba, majalisarsu ta taƙaita abin a 2015. Babbar kotun Tarayyar Turai ta soke dokar da ta tilasta ajiye bayanan kowa da kowa har shekara 2 a 2014, shekara guda kafin mu rubuta irinta a tamu. A Ingila akwai kwamishina na musamman, babban alƙali, da ke duba takardun iznin sauraro, kuma duk shekara yana fitar da rahoton da kowa zai iya karantawa. Ba waliyyai ba ne, su ma suna ƙetare iyaka, amma akwai wanda zai kama su da lissafi.

Mu kuwa wane sashe na dokar laifukan intanet aka fi gaggawar aiwatarwa bayan gyaran 2024? Na kuɗi. A ranar 6 ga Mayun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da aka tura ta waya ko intanet, a zuba a asusun tsaron intanet da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wato ɗan kasuwar hatsin da ya tura naira miliyan 1 a cire masa 5,000. Mutumin da aka ce ya daina yawo da tsabar kuɗi saboda ɓarayi, ya koma tiransifa, nan ma a tare shi. Ƙasa ta ɗauki kuka, cikin watan aka janye umarnin. Wannan ya nuna cewa idan aka yi magana da murya ɗaya ana ji. Sai dai a kan kuɗi muka iya haɗa murya, a kan bayananmu shiru muke yi.

Dokar nan an taɓa ta sau ɗaya, kuma za a sake taɓa ta. Muna da sanata mai wakiltar shiyyar Funtua, muna da 'yan majalisar wakilai daga Funtua da Ɗandume, daga Malumfashi da Ƙafur, daga Bakori da Ɗanja, daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Idan sun zo gida ta'aziyya ko ɗaurin aure, bayan an gama maganar taki da rijiyar burtsatse, a ƙara musu da wannan. A rubuta a doka cewa ko jerin kiran mutum ba a karɓa daga kamfani sai da sa hannun alƙali, in kuma gaggawa ce ta ceton rai, a karɓa nan take amma a kai wa alƙalin bayani cikin kwana biyu. Duk shekara a faɗa wa majalisa a fili layuka nawa aka saurara, nawa ne na masu garkuwa da mutane, nawa suka kai ga kotu. Ma'aikacin da ya sayar da bayanan talaka, ko na banki ne ko na kamfanin waya ko na hukuma, a hukunta shi kamar yadda ake hukunta infoma, don aikinsu ɗaya. Kashe sabis a yanki guda kuma kada ya sake zama abin da wasiƙa ɗaya za ta yi: a sa masa wa'adi, majalisar jiha ta amince, a bar layin kiran gaggawa a buɗe.

Iyalan da ake kira a nemi fansa su ma a ba su lamba guda da za su kai rahoton layin da ya kira su, a ba su shaidar cewa sun kai, a kuma ɓoye sunansu. Da yawa ba sa kai rahoto yau, saboda tsoron kada labari ya riga su komawa daji.